Kurmin bagaruwa a bakin wani tabki na Adar: shekara huɗu ana jayayya kan tsuntsu

Wurin da mutanensa

Garin yana jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, cikin ƙasar Adar, a gindin wani tudun dutse inda koramu biyu ke zuba cikin tabki guda. Ba za a faɗi sunansa ba, domin waɗanda suka yi rigimar suna nan da ransu, kuma kasuwa ɗaya suke ci. Tabkin bai kai na Tabalak ko na Ɗan Dutsi ba, waɗanda aka shigar cikin jerin wuraren ruwa na Ramsar, yarjejeniyar duniya ta kare irin waɗannan wurare, a 2005, amma a shekara mai albarka yakan riƙe ruwa har watan Afrilu. A gefensa na gabas akwai kurmin bagaruwa, tsawonsa tafiyar minti 20 a ƙasa, kuma ruwa kan shige ƙarƙashinsa daga Agusta zuwa Disamba.

Masu cin abinci a wurin suna da yawa. Manoman hatsi suna kan jigawar da ke sama da kurmin. In ruwa ya ja baya, masu garka su bi sawunsa da albasa da tumatir. Akwai masunta, wasu ƴan gari, wasu baƙi masu zuwa da takardar izini. Fulani da Buzaye kan haura arewa da damina, su dawo bayan girbi ta burtalin da ya gifta ƙarshen kurmin na arewa. Mata kan tsinci ƴaƴan bagaruwa su sayar wa majema a tiya. Sai ma'aikacin gandun daji, mutum ɗaya da babur ɗaya, yana zaune a hedikwatar ƙaramar hukuma.

Kurmin ba gonar kowa ba ne. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ce ta kawo kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo, don lura da wurare irin wannan da jama'a ke tarayya a kansu. Bagaruwa kuwa tana cikin itatuwan da doka ta kare tun tuni, tare da gawo da aduwa da tsamiya, kuma dokar daji ta 2004 ba ta yarda a sare irinsu ba sai da izini.

Daminar farko: jan-baki ya sauka

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar. Shukar watan Yuni ta ƙone, aka sake wata a tsakiyar Yuli, sai hatsi ya zo yin madara a ƙarshen Satumba. Ciyawar daji ma ba ta yi ƴaƴa sosai ba.

Wannan na biyun shi ne mabuɗin. Jan-baki ɗan tsuntsu ne mai nauyin wajen giram 20, kuma asalin abincinsa ƴaƴan ciyawa ne. In ya same su a wadace bai cika damuwa da gona ba. In ya rasa, sai ya faɗa wa hatsi da dawa, musamman lokacin da ƙwayar ke da laushi. Abin da ɗaya ke ci da wanda yake zubarwa yakan kai giram 10 a rana, kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Yakan yi sheƙa cikin ƙaya, dubbai a wuri ɗaya. Ƙwai ya ƙyanƙyashe cikin kwana 10, bayan kamar mako biyu ƴaƴan su tashi, su kuma bi gonar da ta fi kusa.

Gidaje wajen 30 ne ke da gonaki a bakin kurmin. Kowa ya kafa rumfa a tsakiyar gonarsa, aka ja igiyoyi aka rataya gwangwanaye da tsummokaran leda. Yaro kan hau rumfa tun assalatu da majajjawa a hannu, ya ja igiya, ya yi kururuwa, garken ya tashi ya sauka a gonar maƙwabci, yaron can ya koro shi ya dawo. Haka har magariba. An buɗe makaranta a farkon Oktoba, ƴaƴan waɗannan gidaje ba su shiga aji ba sai da aka gama girbi. Wani magidanci mai iyali 9, wanda gonarsa ta saba ba shi dami 60, ya tashi da 22. Mai gari ya aika da kuka sau biyu. Ba wanda ya zo ya duba.

Rani na farko: gatari da tara

A watan Disamba, da ruwa ya janye daga ƙarƙashin itatuwa, samari suka shiga kurmin da dare. Cikin mako guda sun kayar da bagaruwa wajen 40 a gefen kudu, inda amalanke ke iya shiga. Manya suka zaɓa, masu kauri, domin su ne ke da kuɗi a wajen masu sayen icce.

Kwana uku da jin labari ma'aikacin gandun daji ya iso. Ya karɓe gatura, ya ci garin tarar jika 150 ta kuɗin sefa, samari biyu suka kwana a hannun jandarmomi. A ƙofar mai gari wani dattijo ya ce masa: "Ranka ya daɗe, tsuntsu ya cinye hatsinmu wata guda ba mu ji ƙarar babur ɗinka ba. Mun taɓa icce, ga ka." Maganar ta zaga gari, kuma shekara biyu ana maimaita ta a duk inda aka ambaci kurmin.

An biya tarar da karo-karo. Wasu abubuwa biyu suka biyo baya, ba wanda ya kula da su a lokacin. Filin da aka sare, masu garka uku suka kewaye shi da shingen ƙaya suka dasa albasa. Wasu manoma kuma suka koma gonakinsu suka sassabe ƴan gawo da sabara da suka yi shekaru suna renonsu, suna cewa icce shi ke kiran tsuntsu. A Adar wannan babbar asara ce. Ƙasa ce da aka sha wahala kafin a maido mata da itatuwa: layukan kare iska na kwarin Majiya tun 1975, aikin Keita da aka fara a 1984, ramukan tasa da rabin-wata da mata suka haƙa a kan fako, da sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona, da manoma suka rungume da kansu.

Damina ta biyu: guba

Tsuntsu ya dawo a farkon Satumba, kamar ba a sare komai ba. Balbela ce ta ragu, don itatuwan da take sheƙa a kansu na cikin waɗanda aka kayar.

Wannan karon masu kula da cututtukan amfanin gona sun zo, suka duba, suka ce ba za su yi feshi ba. Maganin da aka saba kashe jan-baki da shi, fenthion, ana fesa shi ne da almuru a kan makwancin tsuntsaye, kuma ba ya zaɓe: yana kashe shaho da shirwa da suka ci mushen, yana kashe ƙwarin ruwa, yana cutar da mai feshin kansa. Makwanci a kan ruwan da mutane da dabbobi ke sha ba wurin fesa shi ba ne. Manoma suka ji wannan a matsayin an sake juya musu baya.

Sai wasu suka haɗa kuɗi suka sayo piya-piya a kasuwa, suka jiƙa dussa da tsaba, suka jera a faifai da murafan tukwane a bakin ruwa. Jan-baki bai kula ba, ga ɗanyen hatsi a tsaye. Kurciyoyi da zabin daji da kajin unguwar masunta ne suka ci. Awaki uku na wani Bafillace da bai haura arewa ba suka mutu. Ruwan sama ya wanke sauran cikin tabki, aka wayi gari ƙananan karfasa sun taso ciki sama a gefen gabas. Yara biyu da suka gasa kurciyar da suka tsinta sai da aka kai su likita, Allah ya sa suka tashi.

Kafin wannan, rigimar tsakanin gari ce da hukuma. Yanzu ta shigo cikin gida. Sarkin ruwa ya daina zuwa fadar mai gari, ardo ya kai ƙara, matan unguwar masunta suka daina sayen hura a unguwar manoma.

Rani na biyu: taron da ya watse

A watan Janairu magajin gari ya kira taro a ofishinsa. An yi shi da Faransanci, tafinta yana juyawa. Tambaya ɗaya aka ajiye: a sare kurmin ko a bar shi? Wakilin manoma ya ce a sare. Ma'aikacin gandun daji ya karanto doka. Sarkin ruwa ya nemi diyyar kifi. Ardo ya aiko ɗansa, wanda bai ce uffan ba. Mata ba a gayyace su ba. Kafin azahar an tashi baram-baram.

Bayan haka Kofon garin ya ɗauki wata hanya. Mutum uku aka wakilta: magatakardan kwamitin, limamin Juma'a, da wata tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya. Suka bi kowane ɓangare har inda yake, ba tare da ɗayan yana wurin ba, kuma suka bar maganar sara gaba ɗaya. Abin da suke tambaya shi ne: wane gefen kurmin kake amfani da shi, a wane wata, me kake samu, mene ne ba za ka yarda a taɓa ba ko da an biya ka?

Manoman bakin kurmi, da aka zauna da su a natse, ba su fara da itatuwa ba. Tarar suka fara ambata, da rashin zuwan kowa ya auna ɓarna, da ƴaƴansu da ke rasa watan farko na makaranta alhali ƴaƴan masu gonakin nesa suna aji. Suna son a ba su ikon yin wani abu in tsuntsu ya zo, ba a ce su zauna su jira ba. Da malamar ta tambayi wani tsoho ko a haɗa da tsamiyar da shamuwa ke sheƙa a kanta a gefen yamma, sai ya dube ta ya ce: "Haba Malama, wa zai taɓa gidan shamuwa? Ita ke gaya mana damina ta zo." Shi ne kuma ya tuna cewa shekarar da balbela ta ragu, fara ta fi yawa a gonakin wake.

Masunta sun nuna wurin da suke nufi da hannu: dogayen itatuwan da ke tsaye cikin ruwa. Taru ba ya shiga tsakanin saiwoyi da rassan da suka faɗi, don haka can tarwaɗa da karfasa ke hayayyafa, can ƙananan ke fakewa har su yi girma. Kashin tsuntsayen da ke kwana a sama yana zuba cikin ruwan, ya haifar da ƙananan halittun da kifi ke ci. Sarkin ruwa ya ce wurin shi ne rumbunsu, sai dai ba shi da ƙofa.

Wajen makiyaya aka fi shan mamaki. An ɗauka ƴaƴan bagaruwa da inuwa suke karewa, kuma suna so, amma ardo ya ja liman har gefen kudu ya nuna masa shingen garkunan nan uku. Ya ce: "Malam, bara nan shanu ke sauka. Yau sara, gobe garka, jibi shinge. In aka sare na arewa, ta ina za mu sha ruwa?" Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa zirga-zirga haƙƙin makiyayi ce, amma ya san shinge ba ya karanta doka.

Mata sun ce kuɗin ƴaƴan bagaruwa shi ne na sabulu da gishiri da rani, lokacin da mai gida ya tafi cin rani. Ban da jima, suna dafa ta don maijego da ciwon bakin yara. Itatuwan da suka fi zubo ƴaƴa kuwa su ne manyan da samari suka fara kayarwa.

Ma'aikacin gandun daji shi ma an same shi a gida. Ya ce kowane watan Janairu yana ƙirga tsuntsayen ruwa ya aika da rahoto, har da agwagin da ke zuwa daga Turai su yi sanyin hunturu a tabkunan Sahel, da kirinjijiya da dinya na gida. In ya kau da kai a gari ɗaya, gari goma za su ɗauki gatari, shi kuma za a tambaya. Sannan ya faɗi abin da ba wanda ya sani: yana da ikon ba da izinin rage rassa da share sarƙaƙiya. Ba a taɓa nema ba.

Watan Fabrairu: an shiga kurmin tare

Da ƙasa ta bushe, aka ɗauki mutum biyu daga kowane ɓangare aka bi kurmin daga kudu zuwa arewa. Tsoffin sheƙuna na nan. A kan dogayen bagaruwa, can sama, tarin ƙirare ne shimfiɗe, na balbela. Ba a ga na jan-baki ba sai da aka kai kusurwar arewa maso gabas, inda farar ƙaya da ƴan bagaruwa da ba su wuce tsayin mutum biyu ba suka sarƙe da juna, kacala kuma ta cika bakin ruwan. Nan kowane reshe na ɗauke da ƴan ƙwallayen ciyawa saƙaƙƙu, kamar girman dunƙulen hannu, da ƴar ƙofa a gefe. Wani saurayi ya ƙirga na icce ɗaya ya haura 200 ya gaji. Kusurwar duka ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na kurmin ba, kuma gatarin Disamba bai je kusa da ita ba.

Malamin gona da ya biyo su ya roƙi a fito da ƴan zangarniyoyi daga rumbu. Wasu an tsattsage su daga sama, aikin baki ne. Wasu kuwa da yawa ɓarnar ta bi jikinsu a murɗe, layi yana zagayawa. Wannan aikin murzuna ne, tsutsar da ke cin zangarniya tun tana fure. Duk an jibga wa tsuntsu.

Damina ta uku: yarjejeniya a aikace

An rubuta takarda da Hausa, boko da ajami, da kuma Faransanci, aka ajiye kwafi a wajen Kofo. An shafa wa dogayen itatuwa fenti, ba mai taɓa su. Kusurwar ƙaya za a rage ta kowane watan Mayu, da izini a rubuce, ma'aikacin yana tsaye, iccen kuma na gidajen bakin kurmi ne. Ba guba a bakin ruwa. Masunta, da yake su ke kan ruwa da asuba, su za su kawo labari ranar da suka ga tsuntsu ya fara ɗaukar ciyawa, mai gari ya kira gayya a rushe sheƙuna kafin ƴaƴa su tashi. Gonakin bakin kurmi za su yi shuka rana ɗaya da iri mai saurin nuna kamar hatsin da ake kira HKP, wanda ke isa cikin wata uku, a kewaye da hatsi mai gashi da ke tsokane wa tsuntsu ido. Burtali aka kafa masa duwatsun siminti, garka ɗaya cikin ukun ta ja shingenta baya.

Wurin da aka fi daɗewa shi ne wa zai taimaki wanda tsuntsu ya ci. Masunta da masu garka suka yarda su zuba tiya-tiya a wani asusu. Makiyaya suka ƙi, suka ce ba za su sayi ruwan da kakanninsu suka sha ba. Liman ya nemo mafita: in hukuma ta sa ranar sakin gonaki, dabbobi su fara kwana a gonakin bakin kurmi, a bar wa masu gonakin taki ba tare da sun ba da hatsin da aka saba bayarwa ba. Ardo ya karɓa nan take.

A makon farko na Satumba wani masunci ya kawo labari. Gayya ta yi kwana biyu da dogayen sanduna masu ƙugiya. An tara ƴan tsaki a kwanduna aka soya, abin da mutanen wajen tabkin Cadi suka daɗe suna yi har suna sayarwa. Sauran garken ya tashi. Magidancin nan mai iyali 9 ya samu dami 47, yara sun shiga aji ranar da aka buɗe. Sai dai damina ce mai kyau, ciyawa ta yi ƴaƴa ko'ina. Bayan kwana tara kuma saƙo ya zo daga wani gari mai nisan kilomita 12: tsuntsun da kuka kora ya sauka a wajenmu.

Shekara ta huɗu

Tsuntsu bai yi sheƙa a kurmin ba. A watan Oktoba wani garke ya riƙa zuwa daga nesa da hantsi ya koma da yamma, abin da jan-baki ke iya yi ko da makwancinsa na da nisan kilomita masu yawa. Waɗanda suka yi shuka tare sun riga sun girbe. Gidaje 7 da shukarsu ta farko ta mutu suka sake, su aka ci. An buɗe asusu, aka tarar masunta sun zuba nasu, masu garka rabinsu ba su zuba ba. Abin da aka raba bai kai abincin wata ɗaya ba ga kowane gida. An yi gunaguni sosai, amma ba a sare icce ba, ba a sa guba ba.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Sara da guba sun faɗi ne don an yi su ba tare da an san inda tsuntsun yake da abin da yake ci ba. Tarar ta kare itatuwan da suka rage, ta kuma jawo asarar ƴan gawo a gonaki fiye da adadin da aka sare a kurmi, domin ta koya wa manomi cewa icce na hukuma ne, ɓarna kuwa tasa ce. Taron Janairu ya watse don tambayar da aka ajiye amsa biyu kawai take da ita, kowa kuwa ya zo da tasa a aljihu.

A ganina, abin da ya juya lamarin shi ne zaman gida-gida. Can aka gane cewa mutanen da ke cewa "kurmi" ba wuri ɗaya suke nufi ba: masunci na nufin saiwoyin cikin ruwa daga Agusta, mace na nufin manyan itatuwa da rani, ardo na nufin hanyar arewa bayan girbi, manomi na nufin kusurwar ƙaya na mako shida. Kaɗan ne daga cikin waɗannan suka ci karo da juna. An kuma gane cewa akwai abubuwan da ba a ciniki a kansu, kamar tsamiyar shamuwa da sayen ruwa, kuma duk sharaɗin da ya taɓa su da ya rushe takardar. Wannan ne ya sa taki ya karɓu inda tiya ta ƙi.

Ba zan ce yarjejeniyar ce ta kawo dami 47 ba. Ruwan shekarar yana da kaso babba. Abin da za a iya jingina mata shi ne shekara ta huɗu, da aka yi asara aka kuma bar gatari a rataye. Raunin da ke cikinta a fili yake. Wanda ya fi kowa talauci shi ne mai sake shuka, shi ne kuma tsuntsu ke samu, asusun da aka yi dominsa bai da mai tilasta biya. Garin da ke kilomita 12 ba ya cikin takardar, kuma ya fara maganar sare nasa kurmin. An yi wa ma'aikacin gandun daji canjin wurin aiki a watan Maris. Wanda ya gaje shi ya ce sai ya ga kusurwar da idonsa kafin ya sa hannu a izinin watan Mayu.